Muryar da Ke Ƙarƙashin Kalangu

Buraima bai iya hira ba, wannan kowa ya shaida, daga Illela har Riyad. In ya kira matarsa Biba a waya, maganarsa ba ta wuce ta mai tambayar hanya: lafiya, ya gida, an yi ruwa, to sai an jima. Biba 'yar goggona ce, ɗaki ɗaya muka tashi, don haka duk ƙorafinta a kunnena yake sauka. Ni aikin jinya ne ya kawo ni Riyad, ina zaune a gidajen ma'aikatan asibitinmu a unguwar Badi'a. Shi kuwa leburan gini ne, yana kwana a unguwar Gubaira, su shida a ɗaki ɗaya.

Cikin zafin shekarar 2012 ya faɗo daga saman wani gini da suke yi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A nan aka yi masa salla, a nan aka rufe shi, a maƙabartar da ba a rubuta suna a kan kabari. Biba ba ta ga gawa ba, ba ta ga makara ba. Waya kawai aka buga mata, aka ce ta yi haƙuri, ta shiga takaba.

Bayan sadakar bakwai ta kira ni. Na ɗauka zancen agogonsa ko tufafinsa za ta yi.

Ta ce, "Yaya Jamila, waƙoƙinsa nake so."

Na ce, "Waƙa kuma, Biba? Cikin takaba?"

"Ba waƙar nake so ba. Shi nake so. Yana ƙarƙashinta."

Na zaci baƙin ciki ne ya fara taɓa ta, sai da ta warware mini zancen. Buraima ya zo Riyad da jaka guda cike da kaset: waƙoƙin noma, na dambe, na kalangu, na gurmi, irin waɗanda ake sayarwa a tasha. Da zafin garin ya fara lalata masa su, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta ta hannu don ya kwashe su ciki. Bai san akwai igiyar da ake haɗa rikoda da kwamfuta ba, kuma bai tambaya ba, don Buraima ba ya tambaya. Duk ranar Juma'a da babu aiki, sai ya ajiye rikoda a gaban kwamfuta, baki da baki, ya kashe na'urar sanyaya ɗaki don kada ƙararta ta shiga, ya hana kowa ko da tari. Maza biyar su zauna suna zuba gumi suna hararar sa. Shekaru ya yi yana wannan aiki. Amma shi da ya kafa dokar shiru, shi ne ba ya iya kiyaye ta. Da kiɗa ya yi nisa sai ya manta da kansa, ya fara bin amshi a maƙoshi, ƙasa-ƙasa, kwamfuta kuwa tana ɗauka.

Ya taɓa aika wa Biba 'yan waƙoƙi a memori ta hannun wani alhaji. A nan ta ji shi. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa jin mijinta ya rera komai ba, ko a banɗaki. Ba ta gaya masa ba, don ta san in ya sani kunya za ta sa ya daina. Sai ta riƙa manna waya a kunne tana sauraron sa. Watanni kaɗan kafin ya rasu aka zare mata wayar a kasuwa, har da memorin.

"Ba ni da kabarin da zan ce nan yake, Yaya. Wannan kaɗai ya rage."

Na yi mata alkawari. Na kuwa kira Malam Sha'aban, dattijon ɗakinsu, direban babbar mota, wanda shi ya shiga kabari ya karɓi Buraima. Duk ɗan garinmu da ya mutu a Riyad, Malam Sha'aban ne ke tattara kayansa ya aika gida. Mutum ne mai amana har ta yi masa yawa. An taɓa mutuwa ya aika wa magada da guntun sabulun da mamaci ya bari, a naɗe cikin leda. Mutane suna dariya, amma kowa yana addu'a in tasa ta zo a hannun Sha'aban kayansa za su faɗa.

Na gaya masa abin da Biba take so, ban ɓoye komai ba. Ya yi gyaran murya, ya ce, "To, Sista. Haƙƙinta ne. Za a aika mata duka."

Muka haɗu a wani shagon waya a Murabba, wajen Luqman. Luqman haifaffen Riyad ne, iyayensa 'yan Zariya, Larabci a bakinsa kamar ruwa, Hausa kuwa sai ya tsaya ya nemo ta. Malam Sha'aban ya zo da kwamfutar a naɗe cikin darduma, ya rungume ta a ƙirji. Luqman ya buɗe, ya duba, ya yi fito. Waƙoƙi sun fi dubu, kowace da sunan da Buraima ya laƙaba mata da rubutunsa na ɗan firamare.

Na ce ya ba ni abin sawa a kunne. Na danna wata waƙar noma. Kalangu ya ɗauka, mawaƙi ya shigo, 'yan amshi suka karɓa. Da farko ban ji komai ba sai su. Can kuma sai ga shi, wata murya mai kauri tana bin amshin a baya, tana ɗan makara, kamar mutumin da ke bin jam'i bai san surar sosai ba. Na ji cokali yana buga kofin shayi daidai da kiɗa. Na ji an buɗe ƙofa, na ji Buraima ya ce "shshsh" da fushi, sannan ya koma ga waƙarsa. Wallahi har dariyarsa na ji, gajeriya, inda mawaƙi ya yi wa wani raggo zambo. Na ja niƙabina na rufe fuska. Ni da nake rufe idon gawa a wurin aiki, a shagon waya na tsaya ina kuka.

Luqman ya bari na natsu, sannan ya yi mana bayani. Ya ce waƙoƙin duk a wani tsari suke da ake kira WMA, irin wanda kwamfutar ke ajiyewa da kanta. Wayar da ƙanin Biba ya ara mata, da na karanta masa sunanta, ba ta san wannan tsarin ba, MP3 kawai take ci. Dole a juya su. Wannan ba matsala. Matsalar ita ce wayar ba ta ɗaukar memorin da ya wuce giga biyu, waƙoƙin Buraima kuwa sun haura giga goma.

Na ce, "To a zaɓo waɗanda muryarsa ta fi fitowa."

Malam Sha'aban ya dube ni kamar na ce a raba gawa. "Wa zai zaɓa, Sista? Ke, ko ni? Kayan mamaci ne. Ba a tsince shi."

"To a sayi memori shida, a zuba duka."

Ya ce za a duba. Daidai nan aka kira sallar la'asar, masu shaguna suka fara jan ƙofofi, direban asibitinmu yana ta danna mini oda a waje don ina da aiki. Na tafi na bar su, raina a kwance, don na ji Buraima da kunnena kuma na san yana hannun mai amana.

Abin da ya faru bayan tafiyata, Luqman ne ya ba ni labari daga baya, kuma Malam Sha'aban bai musa ko kalma ɗaya ba.

Da suka dawo daga masallaci, Malam Sha'aban ya karɓi memori ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa. Abu kamar farce. Ya ce yaya za a ba mace mai takaba irin waɗannan har shida, ta riƙa cirewa tana sawa a ɗaki mai ƙasa? Ɗaya zai faɗi, kaza ta haɗiye, a ce Sha'aban ya aika kaya ba cikakke ba. Ya tambaya ko babu dabarar da za a yi duka su shiga guda.

Luqman ya ce, "Fi, akwai, ya ammi. Za a matse su. Bas al-jauda, ya'ni kyan sauti, zai sauka."

"Waƙa za ta ragu? Za a yanke wata?"

"La, la. Duka suna nan, daga farko har ƙarshe. Abin da kunne bai damu da shi ba, shi ake zubarwa."

Gaskiya ya faɗa, haka abin yake aiki. Manhajar da ke matse waƙa tana duba inda babban sauti ya danne ƙarami, ta ce ai ba mai jin ƙaramin, ta jefar da shi ta riƙe babban. In an matsa kaɗan, kaɗan take zubarwa. In an ce kaya shida su shiga buhu ɗaya, sai ta zubar da duk abin da ba ihu yake yi ba. A wajen Luqman, wannan gunjin da ke bayan kiɗa datti ne na ɗaukar da ba a yi da kyau ba. Ba wanda ya gaya masa shi ne kayan. Ni da Hausa na yi maganata, fuskata a rufe, shi kuma yana sallamar wani mai sayen caja. Malam Sha'aban kuwa ya sani sarai, amma a ce dattijo kamarsa ya buɗe baki ya gaya wa saurayi sa'an ɗansa cewa matar mamaci tana marmarin jin muryar mijinta? Ya gwammace ya haɗiye harshensa. Kunyar nan tamu da muke alfahari da ita, ranar ta yi mana aiki.

Luqman ya matse guda ɗaya don gwaji, ya kunna masa a lasifikar wata 'yar waya, a bakin titin Murabba, motoci suna wucewa. Malam Sha'aban ya kara a kunne. Ya ji kalangu, ya ji mawaƙi, ya ji 'yan amshi. Ya ce, "Ga ta nan kuwa lafiya lau. Bismillah." Da aka gama, ya sa aka ƙirga masa waƙoƙin da ke cikin kwamfuta da waɗanda ke cikin memori, lissafi ya zo daidai, babu wadda ta ɓata. Ya naɗe memorin a takarda, ya naɗe takardar a ƙyalle, ya ɗinke, ya damƙa wa wani mai tafiya gida hutu.

Saura kwamfuta. Yayan Buraima ya riga ya ce daga gida a ba da ita sadaka, tunda ba wuta gare su ba. Nan ma Malam Sha'aban ya yi tunani irin nasa. Matar mamaci an ba ta haƙƙinta, wannan tsakaninta da Allah. Amma a bar kiɗa a cikin na'ura, ta faɗa hannun baƙo, duk ranar da aka kunna zunubi ya riƙa bin Buraima har kabari? Bai yarda ba. Ya sa Luqman ya wanke ta tas, ya cika ta da karatun Alƙur'ani da tafsiri, ya tsaya a kansa har sai da ta ce ba sauran wuri. Sannan ya kai wa wani malami da ke karantar da yaran 'yan ƙasarmu a Gubaira. Ya kira ni da murna a muryarsa, ya ce an sauke nauyi, kaya sun tafi cikakku, kuma an yi wa marigayi sadaka mai gudana. Na yi masa godiya. Har addu'a na yi masa.

Saƙo ya isa Illela. Kwanaki suka wuce, sai ga kiran Biba.

"Yaya, na gama na noma. Ban same shi ba tukuna."

Na ce wataƙila wayar ce, ta ƙara sauti, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce a ɗaki take ji, a ƙarƙashin mayafi, don kada uwar mijinta ta ji kiɗa a gidan makoki. Ta ce ɗaya bayan ɗaya take bi, ba ta tsallake ko guda, don ba ta san a wacce yake ba. In batir ya mutu sai ta aika a yi mata caji a bakin kasuwa, ta zauna jira. Ta ce, "Kiɗan ma wani iri yake, kamar ana yin sa a cikin randa."

Ranar hutuna na farko na nufi Murabba, na kira Malam Sha'aban na ce ya same ni a can. Luqman yana da kwafin abin da ya zuba a memorin. Na sa abin kunne, na nemo waƙar noman nan da na ji da farko. Kalangu ya ɗauka, a dakushe. Mawaƙi ya shigo. Na jira inda Buraima ke shigowa a makare. Babu. Na jira cokali da kofi. Babu. Inda aka buɗe ƙofa ya ce "shshsh", sai wani ɗan ƙara kamar ruwa na motsi a cikin gora. Inda ya yi dariya, ko wannan babu.

Na cire abin kunnen na ce wa Luqman, da Larabcina na asibiti don kada a sake samun wanda bai gane ba, akwai mutum a bayan waƙoƙin nan, kuma shi muke nema. Sai da ya fahimta, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wallahi ya ukhti, da an gaya mini..." Bai ƙarasa ba.

Na ce ya mayar da su yadda suke. Ai shi ya matse, ya saki mana.

Ya girgiza kai. Da ya ga ba zan yarda da baki ba, sai ya yi a gabana. Ya ɗauki waƙar ya juya ta zuwa tsari mafi girma da yake da shi. Ta kumbura ta ninka girmanta sau da yawa. Na saurara, ita ce dai, kiɗan cikin randa. Ya ce abin da aka zubar ba a ɓoye yake a wani lungu ba, ba a rubuta shi ba ne gaba ɗaya. Buhu kawai ya ƙara girma.

Malam Sha'aban ya miƙe. Ya fita, ya tari mota zuwa Gubaira, ya karɓo kwamfutar daga hannun malamin, ya dawo da ita cikin dardumar nan. Luqman ya ce wani lokaci in an wanke na'ura ana iya tono abin da ke ciki, muddin ba a zuba wani abu a kai ba. Ya haɗa ta da tasa, ya sa ta tono, muka zauna. Aka rufe shago don salla, aka buɗe, muna nan. Abin da ya fito, karatu ne da tafsiri, sai wasu gutsattsarin da ba sa buɗuwa. Ba a bar ko tafin hannu da ba a rubuta a kai ba. Malam Sha'aban da kansa ya tabbatar da haka ranar da ya tsaya a kan Luqman.

Raina ya ɓaci, kuma na faɗa masa. Na ce, "Malam, na gaya maka. Da bakina na gaya maka abin da take so." Na so in ƙara, na so in ce ya aika guntun sabulu ya zubar da mutum. Sai na ga dattijon ya zame ya zauna a dakalin shago, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Kaset ɗin suna nan a ƙarƙashin gadonsa. Duka. Sai in aika mata."

Na ce, "Waƙa ce a cikin kaset, Malam. Shi ba ya ciki."

Ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya ce, "Shekara nawa ina kwance a ɗakin nan yana wannan gunjin, ina ce masa ya rufa mana baki mu huta."

Ban iya ci gaba da faɗa ba. Ba mugu a cikinsu, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da akwai wanda ya yi da gangan, da na samu inda zan sauke fushina. Kowa ya yi abin da ya ga shi ne daidai, an kiyaye amana, an kiyaye kunya, an nema wa mamaci lada, kuma an shafe shi.

Na yi ta ɗaga waya ina ajiyewa. Na saba gaya wa dangin majinyaci an yi rashi, akwai kalmomin da ake jerawa. Wannan kuwa ban san sunansa ba. Mutuwar da aka riga aka yi wa gaisuwa, yaya ake sake sanar da ita? Kafin in yanke shawara ita ta kira ni, da hantsi, ina shanya kayan aikina a baranda. Ina jin kiɗa yana tashi ƙasa-ƙasa a kusa da ita, ta ari wata wayar ta kira don kada ta tsayar da shi.

"Yaya, na gama na kalangu da na gurmi. Yanzu ina cikin na dambe. Saura kaɗan. Ina jin a na ƙarshe ya fi sakin jiki, ko?"

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Biba, ki saurare ni." Na gaya mata komai, yadda aka matse, abin da aka zubar, yadda aka wanke kwamfuta. Ban sassauta ba, don na san in na bar ƙofa ko kaɗan za ta zauna a bakinta har tsufa. Na ce, "Ba ya ciki. Ko a ɗaya. Ni na ji shi kafin a taɓa su, yana nan, har dariya ya yi. Yanzu babu."

Kiɗan dambe yana ta yi a bayanta.

"Ke kin ji shi?"

"Na ji shi."

"Ya yi dariya?"

"Ya yi."

"A wacce?"

Na gaya mata sunan waƙar, da daidai inda mawaƙi ke zambo. Ta maimaita sunan a hankali, kamar mai haddace magani.

Ta ce, "To, Yaya. Allah ya saka da alheri. Ki gaida Malam Sha'aban, ki ce na gode." Ta ja numfashi. "Bari dai in ƙarasa sauran."